Shin Kai Yaro Rigakafi Rashin Bangaskiya Ne?

Hutun Kirsimetin da ya wuce na je gida da niyyar in ci shinkafa in huta, sai na tarar da gidan ba daɗi. Matar yayana ta haihu, yaron ya kai mako bakwai, amma ko allura ɗaya ba a yi masa ba. Ba wai asibiti ya yi nisa ba ne, tafiyar minti goma ce a kan babur, kuma allurar kyauta ce. Yayana ne ya hana. Tun da ya shiga wata ƙungiyar addu'a da ke taruwa a bayan kasuwa ya dawo da magana guda a bakinsa, wai jinin Yesu ya ishi ɗansa, kuma duk wanda ya kai yaro allura ya nuna bai yarda Allah zai iya tsare shi ba. Da na ce, "Yaya, ai wannan ba koyarwar da muka tashi da ita ba ce," sai ya ce, "Kai dai boko ya cinye maka bangaskiya." Mama tana gefe tana tankaɗe, ba ta ce uffan ba. Ita ce ta binne 'yarta ta biyu saboda ƙyanda tun kafin a haife ni.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na san yawancin masu karanta wannan mujalla tamu Musulmi ne, kuma na san da an ce "ƙin rigakafi" sai kowa ya waiwaya Kano. To, yau da 'yan'uwana Kirista nake magana, domin mu ma muna da namu, illa dai ba mu cika son a faɗa ba. Sauran jama'a kuma ku saurara, ba za ku rasa abin ɗauka ba.

Tun da ɗaliban Hausa ne mu, bari mu fara da kalmar kanta. Kafi shi ne shingen itatuwa da mutanen dā ke kafawa su kewaye gari don mahara. Riga-kafi kuwa, ka riga abokin gaba ke nan, ka yi shingenka tun bai iso ba. Wanda ya raɗa wa allurar wannan suna ya fahimci aikinta sarai. Ana ɗaukar ƙwayar cutar da aka kashe, ko wadda aka raunana, ko wani ɗan yanki nata kawai, a sa a jikin yaro. Jiki sai ya ɗauka yaƙi ya zo, ya haɗa dakarunsa, ya koyi kamannin abokin gaba, ya riƙe. Ran da cutar gaske ta shigo sai ta tarar an san ta. Allurar ba ta kawo wani baƙon ƙarfi daga waje ba, garkuwar da Mahalicci ya riga ya dasa a jikin yaron ita ce ke aikin. Ɗan zazzaɓin da yaro kan yi kwana ɗaya ko biyu bayan allura, wanda ke tsorata iyaye mata, alamar wannan atisaye ce.

Sai mu zo ga hujjar yayana, domin ba wawa ba ne, kuma ba ƙin ɗansa yake yi ba. Yana ganin amfani da dabarar mutum raina ikon Allah ne. Na nemi wannan koyarwa a Littafi Mai Tsarki ban same ta ba, abin da na samu kishiyarta ce. Sa'ad da sarki Hezekiya ya kwanta ciwon ajali ya yi kuka ga Allah, aka ƙara masa shekara goma sha biyar, annabi Ishaya da ya kawo albishir ɗin shi ne kuma ya ce a kawo curin ɓaure a manna a kan marurun. Ga alkawari, ga magani, a baki ɗaya. Nehemiya da yake gina garun Urushalima maƙiya suna barazana, addu'a ya yi, ya kuma sa masu gadi dare da rana. Yusufu bai ce wa Fir'auna a zauna a jira ikon Allah ba, cewa ya yi a tara hatsi shekara bakwai. A Littafin Firistoci, sura ta 13, firist ne aka ɗora wa aikin duba mai ciwon fata, ya keɓe shi kwana bakwai, ya sake dubawa. Luka kuwa, wanda muke karanta Bishararsa kowace Kirsimeti, likita ne, kuma Manzo Bulus bai ji kunyar kiransa da sana'arsa ba.

Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jarabar Ubangijinmu a Matiyu sura ta 4. Shaiɗan ya kai shi ƙololuwar Haikali ya ce ya faɗo, har ya jawo masa aya daga Zabura a kan cewa mala'iku za su tare shi. A lura, da Nassi ya zo, ba da tsafi ba. Yesu ya ƙi, ya nuna cewa jefa kai cikin haɗari da gangan don a tilasta wa Allah ya yi mu'ujiza gwada Allah ne, kuma an hana. To, mutumin da ya san ƙyanda na yawo a unguwa, ya san akwai kariya a bakin hanya, ya ce shi ba zai karɓa ba sai dai mala'iku su tare, wace murya yake bi a cikin biyun nan? Kuma abin da ya fi muni, ba kansa ya jefo daga kan Haikalin ba, jariri ya jefo, wanda ba a tambaye shi ba. Abokan karatuna Musulmi sun gaya mini su ma suna da koyarwar ɗaure raƙumi kafin a ce an dogara ga Allah. Ashe a nan ba mu da saɓani.

Abin mamaki ma shi ne, mu Kiristocin Arewa mu ne ya kamata mu fi kowa jin kunyar wannan magana, domin da kwalbar magani Bishara ta iso garuruwanmu. Walter Miller na Wusasa, wanda ya yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, likita ne. Andrew Stirrett na mishan ɗin SIM, kakanninmu "Bature Mai Magani" suke ce masa. Asibitin Vom tun 1922 yake. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Wusasa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, likitan yara ne, kuma mai bi ne har ƙarshen ransa. Zazzaɓin Lassa ma a asibitin mishan aka fara gane shi a 1969, ya kashe ma'aikatan jinya 'yan mishan, ya kuma kashe Dokta Jeanette Troup a Jos a 1970 bayan ta yanke a hannu tana binciken gawar wanda cutar ta kashe. Waɗannan mutane sun fi mu addu'a, ba su kuwa ga karo tsakanin durƙuso da sirinji ba.

Ga wani labari da ban taɓa ji a kan bagade ba, alhali ya cancanci a ba da shi. A ƙarshen 1966 akwai wani matashin likita Ba'amurke, William Foege, ɗan fasto, yana aiki da mishan ɗin Lutheran a yankin Ogoja. Agana ta ɓulla a wani ƙauye, allurar da ke hannunsa kuma ba ta isa a yi wa kowa ba. Sai ya yi amfani da rediyon da 'yan mishan ke gaisawa da juna da yamma, ya roƙe su su tura 'yan aike ƙauye-ƙauye su gano inda cutar take. Da labari ya dawo, ya bi gidajen masu ciwon da waɗanda suka yi cuɗanya da su da kasuwannin da suke ci, ya yi musu allura, ya kewaye cutar kamar yadda ake share ciyawa a gaban gobarar daji. Cutar ta tsaya. Wannan dabara da aka gwada a ƙasarmu ita aka ɗauka zuwa Indiya da sauran wurare. Mutum na ƙarshe da ya kamu da agana ta hanyar yaɗuwa a gari an same shi a Somaliya a 1977, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Ku dubi dantsen iyayenku za ku ga tabon lamba, ku dubi fuskokin tsofaffi ƙalilan za ku ga zanzana. Mu ba mu da ko ɗaya. Wa zai ce wannan ba alherin Allah ba ne?

Tun kafin haka ma akwai hannun baƙar fata a ciki. A birnin Boston na Amurka, wani bawa ɗan Afirka da aka sa wa suna Onesimus shi ya gaya wa ubangidansa, Fasto Cotton Mather, cewa a ƙasarsu ana tsaga fata a sa ɗan ruwan ƙurjin agana don mutum ya yi ciwon sama-sama ya tsira. Da annoba ta zo a 1721 faston ya tsaya kai da fata a gwada, likita ɗaya tak ya yarda. Mutanen gari suka ce saɓo ne, shiga hurumin Allah ne, har wani ya jefa masa bam ta taga. Da aka ƙirga, cikin waɗanda suka kamu da cutar haka kawai kusan 14 cikin 100 sun mutu, cikin waɗanda aka yi wa tsagar kuwa kusan 2 cikin 100. Ba ina wanke Mather ba ne, mutumin da ya mallaki ɗan'adam ɗan'uwansa yana da tasa amsar da zai bayar. Ina dai nuna cewa maganar yayana ta kai shekara ɗari uku, kuma tun a wancan lokaci kaburbura suka ba da amsa. Allurar da ta fi wannan tsaga aminci Edward Jenner ne ya fito da ita a Ingila a 1796, shi ma ɗan limamin coci ne.

Yanzu bari in taɓo inda ke mana ciwo. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon shan-inna bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004, kuma kafin ƙura ta lafa cutar ta tsallaka ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita. Na sha jin Kirista na ba da wannan labari da ɗan murmushi, kamar a ce mu mun fi ƙarfin haka. Ina! A 2014 bishop-bishop na Katolika a Kenya suka yi irin wannan zargi daidai wa daida a kan allurar sarƙe-haƙora da ake yi wa mata, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaryata. A Zimbabuwe, ƙyandar da ta ɓarke a 2022 ta kashe yara sama da 700, da yawansu 'ya'yan wasu ɗarikun "manzanni" ne da suka haramta wa mabiyansu asibiti. A Holan, ƙasar Turawa masu ilimi, shan-inna ta kama mutum 71 tsakanin 1992 da 1993, kusan dukansu daga wata ɗarikar Furotesta mai ƙin allura. A nan gida kuma, a Oktoban 2017, jita-jitar cewa sojoji na yi wa 'yan makaranta allurar ƙyandar biri ta sa iyaye a Kudu maso Gabas suka kwasa a guje suna kwashe 'ya'yansu daga aji. Ba a manta da daren wankan ruwan gishiri na lokacin Ebola a 2014 ba, wanda bai tambayi addinin kowa ba. Lokacin korona kuwa da kunnena na ji mai wa'azi yana cewa allurar ita ce lambar dabbar nan ta Wahayin Yahaya. Miliyoyin mutane sun karɓa, ga su nan suna zuwa sujada.

Ba kuma zan ce duk mai shakka jahili ne ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano. Yara 11 suka mutu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Trovan ba allurar rigakafi ba ce, amma mai ɗa a kabari ba ruwansa da wannan bambanci. Haka kuma uwar da ta je asibiti da yaro mai zazzaɓin cizon sauro aka ce babu magani, sannan ta ga an biyo ta har ɗaki da ɗigon shan-inna kyauta, tana da haƙƙin ta yi tambaya. Laifin hukuma ne da ta bar asibitocin karkara suka zama kango.

Girmama kimiyya a wurina ba shi ne a haɗiye duk abin da mai farar riga ya faɗa ba. Kimiyya ba Allah ba ce, kuma masu yin ta 'yan'adam ne masu zunubi kamar kowa. Abin da ya sa na yarda da ita shi ne tana da hanyar kama mai ƙarya a cikinta. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa bincike a kan yara 12 yana alaƙanta allurar ƙyanda da wata larurar ƙwaƙwalwa ta yara. Duniya ta ruɗe. Masana suka bi sawu ba su ga komai ba, aka gano maguɗi, a 2010 mujallar ta janye rubutun, aka kuma soke lasisinsa. A 2019 aka fitar da binciken yara fiye da 650,000 a Denmak, babu wata alaƙa. Ka ga an gwada, an ƙirga, an gyara. To, shi mai saƙon murya na WhatsApp da ya ce wani likita a wata ƙasa ya tona asiri, wa ke bin sawunsa? Mu da aka umurta kada mu yi shaidar zur, tura irin wannan saƙo ba tare da bincike ba shaidar zur ce, ko da an rufe shi da "Amin". Su masanan kuma ba su ɓoye cewa allura na da nata illolin ba: kumburi, zazzaɓi, kuka, da wani mugun bore na jiki da kan faru kamar sau ɗaya cikin allura miliyan. Sun kuma faɗa da bakinsu cewa raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon shan-inna kan iya rikiɗa ta yi ƙarfi idan ta daɗe tana yawo a garin da yawancin yara ba su karɓa ba. Shi ya sa ko bayan an bayyana Afirka ta rabu da shan-inna ta asali a watan Agustan 2020, ma'aikata ba su daina zagayawa ba.

Akwai tambaya ɗaya ta lamiri da na ɗauka da nauyi. Wasu allurai ana sarrafa su ne da zuriyar ƙwayoyin halitta da aka samo daga 'yan tayin da aka zubar tun shekarun 1960. Kiristan da wannan ya dame shi ba mahaukaci ba ne. Amma fadar Fafaroma, wadda ba wanda zai zarge ta da sassauci a kan zubar da ciki, ta duba batun a 2005 ta sake dubawa a 2020, ta ce ya halatta iyaye su karɓa idan babu wata, tare da matsa wa kamfanoni su nemo wata hanya. Ba a zubar da sabon ciki don yin allura, kuma barin yaro mai rai ya mutu ba ya mayar da wanda ya riga ya tafi.

Yayana ya ce mini, "To, ɗana ne, ina ruwan wani?" Nan ne kuskuren ya fi girma. Mai ƙyanda ɗaya kan iya harbin mutum 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya, kuma sai kusan 95 cikin 100 sun karɓi allura kafin cutar ta rasa hanyar wucewa. Allurar ƙyanda sai yaro ya kai wata tara ake yi masa. Ke nan jaririn wata huɗu da ke goye a bayan uwarsa a taron zumuntar mata ba shi da wani kafi sai 'ya'yan maƙwabta da aka yi wa. Ka tuna yadda ajin Lahadi na yara yake, yara hamsin a ɗaki ɗaya, kofi ɗaya, taga ɗaya. Idan ƙaunar maƙwabci ita ce doka ta biyu mafi girma, ban ga yadda za a cika ta da tura yaro mai tari cikin wannan ɗaki ba. A ƙididdigar 2023 Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan yaran da ba a taɓa yi wa allura ko ɗaya ba, fiye da miliyan biyu. Mashaƙo da muka ɗauka ya zama tarihi ya dawo tun ƙarshen 2022 ya shaƙe yara masu yawa, alhali maganinsa na cikin allurar nan mai haɗe da cuta biyar da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14.

Shugabannin ikilisiya, da ku nake. Kuna da abin da ma'aikatar lafiya ba ta da shi, wato kunnen jama'a kowace Lahadi. Ana sanarwar baiko da ta gudummawar gini da ta taron mata, me zai hana a sanar da ranar allura? Ranar miƙa jariri, me zai hana fasto ya tambayi katin asibiti kamar yadda yake tambayar suna? Mu ɗaliban Hausa kuma namu aikin a harshe yake. Muddin ana ce wa cuta shan-inna, wani zai ci gaba da zaton aljana ce ta shanye ƙafar, muddin ana sakaya ƙyanda da "baƙon dauro", wani zai ɗauka baƙo ne da dole kowane yaro ya sauke. Ba cewa nake a canza sunayen ba, a dai samu masu bayyana abin da ke bayansu da Hausar da kaka za ta gane.

Ban ci nasara a kan yayana da duk waɗannan hujjoji ba, gaskiya ce. Kwana uku muna abu ɗaya. A dare na huɗu bayan addu'ar iyali Mama ta ce a dakata. Ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro, ta ba shi labarin yayarmu daga ranar da zazzaɓi ya fara har ranar da idanunta suka rufe, labarin da ni ban taɓa ji ba. Ta ce ta yi azumi, dattawan ikilisiya sun zo sun ɗora hannu, kuma ba ta taɓa zargin Allah ba. Sannan ta ce, "A lokacin allurar ba ta iso ƙauyenmu ba. Kai ta iso maka." Bai amsa ba, ya tashi ya shiga ɗaki.

Washegari da sassafe na ji ana tayar da babur. Bai kai su da kansa ba, makullin ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Ma'aikaciyar ta yi mana faɗa a kan jinkiri, ta yi wa yaron na haihuwa da za a iya ramawa da na mako shida, ta rubuta ranar dawowa bayan mako huɗu. Ni na riga na dawo makaranta kafin ranar ta zo. Na buga waya gida, matar yayana ta ce sun je, Mama ce ta raka ta. Saura ta uku, sannan ta ƙyanda in ya kai wata tara, kuma har yanzu yayana yana zuwa bayan kasuwa.